An toshe mana lungu a Ayigya, ina za mu dosa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema.

A Ayigya Zongo nake, Kumasi. Titin Accra ne kawai ya raba mu da jami'ar KNUST, shi ya sa duk mai ɗan fili yanzu gidan kwanan ɗalibai yake ginawa, kamar yadda aka cika Ayeduase da Kotei. Ba na ƙyashi, mu ma muna cin albarkacin ɗaliban, uwargidana wake da shinkafa take sayar musu.

Akwai lungun da tun ina yaro muke bi mu ɓulla Tech Junction, mahaɗar da ke bakin ƙofar jami'ar. Wani ya tayar da bene, ya ja katanga ya haɗiye shi. Yanzu sai an zagaya ta hanyar mota, ga ta matsattsiya, babu gefen masu tafiya a ƙasa, gota a buɗe, pragya (babur mai ƙafa uku) na wucewa kamar za su shafi mutum. 'Yata da ke karatu a jami'ar, tafiyar minti 10 ta koma mata kusan rabin awa. Tsofaffi kuwa sun haƙura da masallacin can in an yi ruwa.

Sau biyu muka je da limami, mai ginin ya ce takardarsa ta haɗa da wurin.

To, a ina ake ganin taswirar tsarin unguwa, mu san ko lungun hanya ce a rubuce? Majalisar Oforikrom, wato ƙaramar hukumarmu, ko Hukumar Filaye? Kuma tunda yawancin filayen nan a hannun sarakunan Asante suke, fada ya kamata mu fara zuwa? Ginin dai har an kai rufi.