Neman shawara: barkwancin talabijin ɗin Ingila ya biyo ni har wurin aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Na zo Ingila da bizar aikin kula da tsofaffi bayan na sayar da fili da mota, iyalina suna gida ina tura musu kuɗin abinci da na makaranta duk wata, kuma izinin zamana a ƙasar nan yana hannun waɗanda suka ɗauke ni aiki. Aikin dare nake yi. Idan tsofaffin sun yi barci, mukan zauna a ɗakin hutu mu sha shayi, wata abokiyar aikina Baturiya ta kunna mana guntayen wani tsohon shirin barkwanci na BBC mai suna Little Britain a wayarta. Akwai wani mai keken guragu a ciki wanda yakan miƙe ya yi tafiyarsa da zarar mai kula da shi ya juya baya, kuma wannan kam ya ba ni dariya, domin aikinmu ke nan. Amma akwai wata mata mai jagorantar taron masu son rage ƙiba, wadda duk lokacin da wata Ba'indiya ta yi magana da Turanci garau sai ta nuna ba ta gane ba, ta ce a maimaita. Yanzu abin da ake yi mini ke nan. Ko gaisuwa na yi, sai wani ya kama kunne ya ce in sake faɗa, kowa ya fashe da dariya. Sannan wani abu ya faru ranar Asabar wanda ba na so in shiga bayaninsa. Shin wannan barkwanci da gaske abin dariya ne ni ne ban fahimta ba? Kuma in kai ƙara ko in yi shiru?

Dattijo daga Birmingham: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, domin ba ka ga komai ba. Lokacin da muka zo ƙasar nan, BBC tana nuna The Black and White Minstrel Show, inda Turawa ke shafa baƙin fenti a fuska suna rawa da waƙa, kuma ba a daina ba sai 1978. A tashar talabijin ta ITV ana nuna Love Thy Neighbour, wanda kusan duk dariyarsa baƙaƙen maganganu ne tsakanin Bature da maƙwabcinsa baƙar fata. Da safe mu je wurin aiki a kira mu da sunayen da aka ji a daren jiya, kuma ga mu nan da ranmu. Abin da ba ku gane ba, ku 'yan yanzu, shi ne Baturen Ingila ba ya tsokanar wanda bai sake da shi ba. Tamkar Bakano da Bazazzagi ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa ana dariya. Ka rama kawai. Idan ta ce ka maimaita, ka ce ta faɗi cikakken sunanka daidai tukuna.

Ma'aikaciyar jinya daga Manchester: Baba, ku yi haƙuri, amma wasan Kanawa da Zazzagawa kowa yana da bakin ramawa, kuma babu wanda takardar zamansa ke hannun ɗan'uwansa. Su kansu masu shirin ba su tsaya a kan abin da suka yi ba. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, BBC da Netflix sun sauke Little Britain saboda shafa baƙin fenti, kuma masu shirin, Matt Lucas da David Walliams, sun fito sun nemi afuwa. Da aka mayar da shi a 2022 sai da aka yanke wasu wurare. Ni an taɓa yi mini irin wannan a wani asibiti, inda wata babbarmu ta riƙa kwaikwayon muryata a gaban marasa lafiya, na yi shiru don neman zaman lafiya, ƙarshe ni aka rubuta wa cewa ba na iya magana da mutane, aka ba wata ƙanwar bayana matsayin da nake nema. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Ka riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, domin dokar daidaito ta 2010 ta haramta cin zarafi a wurin aiki saboda launin fata ko asali, ko da mai yi ya ce wasa yake yi.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma ba mugayen mutane ba ne. Matar nan ita ce take rage mini hanya a motarta idan mun tashi da asuba, kuma da azumi ita ta riƙe mini aiki na yi buɗa-baki. Ban ga yadda zan yi in zauna ina rubuta laifinta a takarda ba.

Ɗalibi daga Glasgow: Ni tambayar farko nake so in taɓa, wato ko abin yana da ban dariya. Yawancinmu mun taso muna kallon Mind Your Language a gida, muna ƙyaƙyata dariya idan Ali ɗan Pakistan da Ranjeet ɗan Indiya suna faɗa a ajin Mista Brown, ba mu taɓa jin an ci wa kowa fuska ba, alhali a Ingila an dakatar da shi a 1979 saboda yadda yake siffanta baƙi. A finafinanmu ma mun sha dariyar Hausar Bagware da ta Bayarabe. Saboda haka abin yana ba da dariya ga wanda ba shi ake nufi ba. Matsalar ta daɗe: marubucin shirin barkwanci na Till Death Us Do Part, Johnny Speight, ya ƙirƙiri Alf Garnett ne don a yi wa mai wariyar launin fata dariya, sai wasu masu kallo suka mayar da shi gwarzonsu suna maimaita maganganunsa. Ita ma matar taron rage ƙiba, ina ganin ita aka so a muzanta, amma abokan aikinka sun ɗauki matsayinta, suka ba ka na Ba'indiyar.

Dattijo daga Birmingham: Wannan duk surutun jami'a ne. Ko Fawlty Towers, wanda ba a yi shirin da ya kai shi ba, an taɓa ɗauke kashin da ya shafi Jamusawa a 2020, mutane suka yi ca, aka mayar da shi da gargaɗi a farkonsa. Jikokina yanzu ba a isa a yi wasa a gabansu ba sai su ce an ci zarafi, har ni suke yi wa gyara a cikin gidana. 'Yata ta Manchester, kina tura yaron nan ofis, idan aka fara yi masa kallon mai kai ƙara, ke za ki ciyar da iyalinsa?

Malami daga Landan: Ni abin da ya fi damuna shi ne zaman kallon tun farko. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma ba ta ware gurgu ko Ba'indiya ba. Na faɗi haka tun lokacin da BBC ta fara Citizen Khan, shirin barkwanci kan wani Musulmi ɗan asalin Pakistan, a 2012, Musulmi suka yi ta kai koke, amma wasu iyaye a masallacinmu suka ce na cika tsanani. Ka bar ɗakin hutun, ka ɗauki shayinka ka zauna wani wuri.

Ma'aikaciyar jinya daga Manchester: Malam, idan ya ƙaurace musu shi za a ce ba ya shiga mutane. Ɗan'uwa, ba ka gaya mana abin da ya faru ranar Asabar ba, kuma shawarar ta dogara ne a kansa. A gaban tsofaffin aka yi, ko a gaban manaja?

Mai tambaya: Malam, ɗakin hutun ɗaya ne tak, kuma nan ne kaɗai ake da abin ɗumama ɗaki da dare. Ban kuma yarda cewa dariyar da na yi wa mai keken guragu izgili ba ce, tunda mutumin lafiyarsa ƙalau, yaudara yake yi. Baba, na gwada ramawa kamar yadda kuka ce, amma babu wanda ya yi dariya, sai ɗakin ya yi tsit. Maganar Asabar kuwa, Anti, ta shafi wani ne daban, ba ita mai motar ba, kuma ba zan rubuta ta a nan ba. Gobe ma tare muke da su a aiki.

Dattijo daga Birmingham: Ba ka iya ramawar ba ne. Me ka ce mata daidai?