Lexus NX, GLC ko X3: wacce za ta iya da hanyar Gumel?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin motocin nan, ko yake gyara su, shi nake so ya yi magana. Na gaji da "an ce".

A Kano nake aiki. Shekara tara ke nan ina jan Corolla ƙirar 2010, kuma ta yi min halacci, ba zan ci amanarta ba. Abin da ya sa zan rabu da ita biyu ne. Duk bayan mako biyu ina zuwa Gumel wurin mahaifiyata, wani lokaci in taho da ita asibiti, ga ciwon gwiwa. Shigarta Corollar nan sai an riƙe mata hannu ta duƙa, fitarta kuwa sai ta yi salati sau uku. Sannan da damina layinmu kogi yake zama, bara sau biyu ruwa yana shigo min har kan tabarmar mota.

Ba na son Lexus RX 350. Na san ita kowa zai ce, amma ƙofar gidanmu ba za ta ɗauke ta da daɗi ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake tsoron duk wata mai silinda shida.

Na ga guda uku wurin wani dila a kan titin Zariya, duk 'yan Amurka: Lexus NX 200t ta 2017, Mercedes GLC 300 ta 2017, da BMW X3 ta 2014. X3 ɗin ta fi araha nesa ba kusa ba. GLC kuwa, gaskiya ita ta tafi da ni, ina rufe ƙofa na daina jin hayaniyar titi. Maigida ya ce Lexus kawai, ya ƙi ƙara ko kalma. Ƙanena ya ce X3, amma shi ko man babur ɗinsa ni nake sayawa. Wacce zan ɗauka?

Mai Gareji Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Bari in fara cire miki X3 ɗin, don arahar nan tana da dalili. Idan mai silinda huɗu ce, injin da ake kira N20 ne a cikinta, kuma an san na shekarun nan da matsalar robar da sarƙar tayimin take bi a kai. Robar tana bushewa ta farfashe, sarƙa ta yi sako-sako, in ta tsallake ba gyara ake yi ba, injin ake nema. Famfon ruwanta ma na lantarki ne, ba ya yi miki sallama kafin ya tsaya. Motar tana da daɗin tuƙi, giyarta mai takwas tana da kyau ƙwarai, ban musa ba. Amma in har BMW ce a ranki, ki nemi ta 2018 zuwa sama wadda aka canja wa injin, ita kuma ba za ki same ta a wannan kuɗin ba.

Saura biyu. Dukansu injin lita biyu ne mai tabo (turbo, na'urar da ke ƙara wa injin ƙarfi), ƙarfinsu kusan ɗaya, NX doki 235, GLC 241. To ki sani duk mota mai tabo ba Corolla ba ce. Corolla ko kin wuce lokacin juye da wata biyu za ta yafe miki. Waɗannan ba sa yafiya. NX baƙin mai 0W-20 take sha, GLC kuma sai wanda aka rubuta 229.5 a jikin galan. Ranar da yaron gareji ya ɗura mata mai kaurin nan na 'yan tasi, daga ranar kika fara biyan kuɗin tabo ba ki sani ba. Kuma an ƙera su ne don fetur mai daraja, saboda haka ki manta da 'yan bumburutu, ki riƙe gidan mai ɗaya da kika yarda da shi.

Abin da ya sa nake karkata ga NX: ƙashin bayanta na Toyota RAV4 ne. Wani abin na ƙafa, bakaniken da ya san Toyota zai taɓa shi ko a Gumel ne. Injinta kuma yana fesa mai ta hanya biyu, kai tsaye cikin silinda da kuma ta bayan bawul, don haka bawul ba ya tara baƙin datti kamar na masu fesawa kai tsaye kaɗai. GLC in ta kunna miki fitilar matsalar injin a Gezawa, ba mai taɓa ta sai an dawo da ita gari an sa mata kwamfuta. A nan Kano akwai masu iya ta, amma ana ƙirga su da yatsu, wani kayan kuma sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas.

Aibin NX shi ma in faɗa miki: but ɗinta ƙarami ne, gilashin baya ya matse, ga wani faifan shafawa da ake sarrafa allon da shi wanda har yau ban ga wanda ya yabe shi ba.

Abu Hanif, Gwarinpa:

Malam mai gareji ya faɗi gaskiya, amma ya ɗan tsorata ki da yawa. Shekara huɗu ke nan GLC 300 tana hannuna, ina zuwa Kaduna da ita kusan duk wata. Ban taɓa buɗe injin ba. Juye a kan lokaci, man giya sau ɗaya, birki, batir. A kan doguwar hanya giya tara ɗin nan tana sa injin ya yi luf, man da take sha bai kai yadda ake zuzutawa ba. Cikin gari da cunkoso da sanyaya mota, e, za ki ji a jikinki, kin saba da Corolla.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, taya. Ki buɗe but ki ɗaga shimfiɗar ƙasa. Yawancin 'yan Amurkan ba su da safaya, suna zuwa ne da tayar da ake iya tafiya a kanta ko ta sace, kamar kilomita 80 a hankali. Matsalar ita ce kafin motar ta iso hannunki an riga an cire waɗancan an sa na gama-gari, safaya kuma babu. Ni ban lura ba sai da na faɗa wani rami bayan Tafa da magariba, taya ta tsage ta gefe. Na ɗaga shimfiɗa na ga wayam. Awa uku muka yi a bakin hanya da iyali, kuma kin san wannan hanyar ba wurin tsayuwar dare ba ce. Washegari na je kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja na sayi safaya da jak, yanzu suna kwance a but sun cinye kusan rabinsa. X3 ma haka take. NX tana zuwa da ƙaramar safaya, wannan maki ne a gare ta.

Kuma ki dubi girman rim. In 19 ne ko 20, kyau ne a ido kawai, naman tayar siriri ne, rami ɗaya ya isa. Ki nemi mai 18.

Ɗan Fagge:

Ni fa ban gane ba. An ce NX RAV4 ce da ta sa babbar riga, to me ya hana ki sayi RAV4 ɗin ki riƙe canjinki? Ko Mercedes GLK 350, ba tabo ba rigima.

Maman 'Yan Biyu:

Ɗan Fagge, na gwada RAV4 ta wata abokiyar aikina. Mota ce mai kyau, amma ƙarar hanya tana shigowa kamar Corollata. Shekara tara ina tara kuɗin nan, bari in ɗan ji daɗi mana. GLK kuwa silinda shida ce, kuma tun 2015 aka daina ƙera ta, GLC ce ta gaje ta.

Baba Tinkan:

'Yata, ni aikina fito da motoci daga tashar jirgin ruwa a Legas, na fi shekara ashirin a kai. Duk kuna ta gardamar tambari, ba wanda ya tambayi tarihin waɗannan ukun da ke tsaye a wurin dilan.

Mafi yawan motocin da ake kawowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, irin su Copart da IAA. Wata haɗari ta yi, wata ambaliya ce ta cinye ta. Bayan guguwar Harvey da ta yi wa Houston ɓarna a 2017, da Ian a Fulorida a 2022, motocin da suka sha ruwa sun cika gwanjo, kuma da yawansu jirgi suka hau. Mai haɗari ana gyara ta ta zauna lafiya. Mai ruwa kuwa sai ta yi wata shida lafiya lau, sannan wayoyi su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta ƙi tashi. A irin waɗannan masu kwamfuta a kowane lungu, wannan ciwo ne da ba ya warkewa.

Ki kwafi lambar shasi, harafi da lamba 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ki sa a ciro miki rahoton Carfax mai nuna tarihin motar, ki kuma rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna fitowa. Ki ja bel ɗin kujera har ƙarshe ki ga ko akwai layin laka. Ki leƙa ƙarfen da kujera take gudu a kai, in ya yi tsatsa ki tambayi dalili. Motar da aka cika ta da turare, ki yi zargi.

Sai takardun kwastan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka in an ce miki 'yar Kwatano ce, ki bincika sosai. Ki je ofishin kwastan da kanki a tabbatar an biya duti cikakke, kada a tare ki a hanya da tsohuwa a mota.

Maman 'Yan Biyu:

Na dawo da labari. Allah ya saka da alheri, musamman Baba.

Ranar Asabar na je da Mama da wani mai kwamfuta. Mama ta shiga NX ta fita, ta shiga GLC ta fita, duk ba wanda ya riƙe ta. Na ce wacce ta fi, ta ce duk wadda ba za ta sa ni bashi ba.

Zuciyata ta riga ta sauka kan NX saboda maganar safaya da gyara. Sai na ja bel ɗin baya kamar yadda Baba ya ce. Kamar taƙi biyu daga ƙarshe, ga layi nan ruwan ƙasa, ya bushe. Ƙarƙashin kujera tsatsa. Dilan ya ce wai wurin wanki ne. Da muka sa lambar a waya, sai ga ta a filin gwanjo a Fulorida, laka har rabin ƙofa. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ƙara magana ba.

GLC ɗin kuwa bugu ɗaya ta sha a baya, an canja bamba da murfin but, kwamfuta ba ta nuna komai ba, takardunta na tashar jirgin ruwa ta Tinkan a Legas ne. Rim 18. Safaya babu.

Maigida ya ce in jira wata NX ɗin, dilan ya ce kwantena na hanya, amma shi kam na gama da maganarsa a kan abin da ban gani ba. Na ba shi farashina a kan GLC, na ce a cire kuɗin safaya da jak, ya ce zai kira mai motar. Malam mai gareji, in Allah ya sa an daidaita, zan kawo maka ita a juye komai kafin ta ga hanyar Gumel. Abu Hanif, safayar da ka saya a Apo, cikakkiya ce ko ƙaramar nan? Keken 'yan biyu nake tunani, ko zai shiga tare da ita.