Wace Kalma Za Mu Kira "Networking" da Ita a Hausa?

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa mazauna Legas. Ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai. An ɗora mini rubuta 'yar takardar da za a raba wa matasanmu masu ƙananan sana'o'i a Agege da Idi-Araba, a kan yadda za su yi amfani da wayar da ke hannunsu su ciyar da sana'arsu gaba, kuma sharaɗin da aka gindaya shi ne a rubuta ta da Hausar da mai shayi da tela da mai gyaran waya za su karanta su gane ba tare da an yi musu tafinta ba. Rubutu ya yi nisa har na iso kan abin da Turawa ke kira "networking", a nan alƙalamina ya tsaya.

Wani zai ce a bar kalmar yadda take mana, tun da mun ari "kwamfuta" da "intanet" kuma sun zauna daram a bakinmu. Ba ni da ja a kan aro, domin "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta daɗe tana fafutuka a rediyo amma "kwamfuta" ce ta ci kasuwa. Sai dai wannan kalma ta iso mana da lahani iri biyu. Na farko, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, "netwok" a kunnen Bahaushe sabis ne, wato abin da ke ɗaukewa idan ana tsakiyar magana. Na biyu ya fi muni: a Legas idan mutum ya ce maka yana "networking", yawancin mutane abin da za su fahimta shi ne harkar nan ta zuba kuɗi ka kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu. Waɗanda suka ga yadda MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta rufe asusun jama'a a watan Disambar 2016 ba sa son jin duk wata kalma mai kama da wannan, kuma suna da gaskiya. Idan na sa ta a takarda, rabin masu karatu za su ninke ta su ajiye kafin su kai layi na uku.

Ɗaya kalmar da ke tafiya tare da ita, wato "online marketing", ba ta ba ni wahala sosai ba. Mutane da yawa suna cewa "tallan intanet", amma talla ɓangare ne kawai na abin, shi ne ɗaga murya a ce ga kaya. Sanin wanda zai saya, da tsayar da farashi, da zaɓen ko a Instagram za a nuna kayan ko a WhatsApp, da yadda za su isa hannun mai saye daga kasuwar Balogun zuwa Ikorodu, duk suna ciki. Mu kuwa muna cewa kaya sun yi kasuwa, ko a nema wa kaya kasuwa. Saboda haka na rubuta "neman kasuwa ta intanet", na bar "talla" ga hoto da bidiyon da ake sakawa. Wanda yake da ja a kan wannan ya faɗa, amma ni hankalina ya kwanta da ita.

To, mu koma ga mai wuyar. Abin da ake nufi da ita shi ne mutum ya tashi da gangan ya san mutanen da ke cikin sana'arsa da na kewayenta, su ma su san shi, su san aikinsa da halinsa, ta yadda ranar da buƙata ta taso za a tuna da shi, shi ma zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A kan wannan aka gina LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu sana'a, wanda aka buɗe a 2003, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2. Na kawo wannan adadi ne domin a ga irin darajar da duniya ta ba abin da muke neman sunansa.

Shawarar farko da aka turo mini ita ce "sada zumunta". Na gode, amma ina ganin ba za ta yi ba. An riga an ba Facebook da ire-irensa sunan "kafofin sada zumunta", kuma sunan ya zauna, don haka idan muka sake ɗora mata wani kaya za ta rikita mai karatu. Bayan haka, zumunci a wurinmu ibada ne, ana yin sa ga ɗan'uwa ko yana da amfani a gare ka ko ba shi da shi, kuma ba na son mu koya wa yaranmu cewa zumunci abu ne da ake yi don a samu ciniki. "Hulɗar kasuwanci" kuma ta yi faɗi da yawa, domin wanda ya sayi albasar naira ɗari biyar a hannunka sau ɗaya ya wuce, kun yi hulɗar kasuwanci, alhali gobe ba zai gane fuskarka ba. "Kamun ƙafa" na wanda ke neman alfarma ne a wurin na sama da shi. "Neman jama'a" kuwa ta 'yan siyasa ce.

Wani malamin makaranta daga Obalende ya kawo "saƙar hulɗa", yana mai cewa tun da asalin kalmar Turancin daga raga take, kuma mun riga mun karɓi "yanar gizo", to mu bi wannan hoto. Malam, Allah ya ƙara basira, tunanin yana da kyau a kan takarda. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne na gwada ta a baki. Na ce, "Zan je Ikeja saƙar hulɗa," sai na ji babu ɗan kasuwar da zai faɗi haka sai an koya masa, kuma ko an koya masa zai manta kafin la'asar. Kalmomin da suka rayu a Hausa, irin su "baje koli" da muke kiran kasuwar da ake ci a dandalin Tafawa Balewa kowace shekara, sun rayu ne domin an ɗauko su daga abin da ɗan koli ya saba yi da hannunsa, ba a fassara hoton wani harshe ba.

Wannan ne ya sa na daina duban kalmar Turancin, na koma duban abin da iyayenmu suka yi a garin nan. Layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma fataken goro suka kafa zango a Agege kusa da tasha. Yaya baƙo daga Kano ko Sakkwato, wanda ba ya jin Yarbanci, yake sayen goro na kuɗi mai yawa a ƙasar da ba tasa ba? Yana sauka ne a gidan maigida, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, dillali ya haɗa shi da masu goro ya karɓi la'adarsa. Idan shanu aka kawo, mahauci na iya ɗauka bashi, maigida ya tsaya lamuni, domin ya san mahaucin, ya san inda yake kwana, ya san ko ya taɓa cin amanar wani. Babu takarda, babu sa hannu. Har gobe haka abin yake a kasuwar Mile 12: manomi a Kano ko Kaduna ko Filato ya loda kwandunan tumatir a mota, ya tura wa mutumin da wataƙila shekara guda bai sa shi a ido ba, a sayar, a cire kuɗin mota da la'ada, a tura masa sauran. Ku tambayi kowane dattijo a Alaba Rago ko a mayankar Oko-Oba me ke riƙe da wannan harka, zai ce muku amana ce da sanayya.

A kan wannan kalma ta biyu nake so mu tsaya. "Sanayya" daga "sani" take, kuma ɗafin da ke ƙarshenta shi ne wanda ke cikin soyayya da ƙiyayya da jayayya da cinikayya da auratayya, wato ɗafin da ke nuna abu yana gudana tsakanin ɓangare biyu, kowa yana yi wa kowa. Ke nan sanayya ba ta tabbata da ni na san ka kawai, sai kai ma ka san ni. Wannan shi ne ainihin bambancin da matasanmu ke buƙatar ganewa a intanet. Yarinya mai sayar da turaren wuta tana iya tara mabiya dubu goma a Instagram, dukkansu sun san ta, ita ba ta san ko ɗaya ba, kuma ranar da jarinta ya karye babu wanda zai ba ta kaya bashi a cikinsu. Wata kuma tana cikin zauren WhatsApp na mutum arba'in masu harka ɗaya, sun san kayanta, sun san ba ta saɓa alkawari, idan mai saye ya nemi abin da ba su da shi sai su tura mata shi. Ta farkon tana da mabiya, ta biyun tana da sanayya. Ko a LinkedIn ɗin ma haka aka raba: kana iya bin mutum ba da izininsa ba, amma haɗuwa ba ta ƙulluwa sai ya amsa gayyatarka.

Mun ga amfanin wannan da idonmu a farkon 2023, lokacin da sauyin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Masu ƙananan sana'o'i da ba su taɓa karɓar tiransifa ba suka koma karɓa dole, ga jinkirin shigar kuɗi, ga tsoron alat na bogi. Wanda aka sani an ba shi kaya ya tafi kafin kuɗin su shiga, wanda ba a sani ba kuwa sai ya tsaya ya jira.

Saboda haka shawarata ita ce mu ce "ƙulla sanayya" idan aikin ake nufi, mu ce "sanayyar sana'a" idan sunan abin ake so. Ga yadda take a baki: "Gobe akwai taron ƙulla sanayya na masu ɗinki." "Jarinsa kaɗan ne, amma yana da sanayya a harkar waya, duk Computer Village an san shi." "Ki riƙa amfani da WhatsApp Business wajen neman kasuwa, zauren 'yan sana'arku kuma wajen ƙulla sanayya." Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Balogun ta yi mini gyara mai nauyi, kuma ya kamata kowa ya ji shi. Ta ce a yau idan aka ce "sai da sanayya", abin da ke zuwa zuciya shi ne son kai, wato a ba mutum aiki ko kwangila ba don ya cancanta ba sai don yana da uwa a gindin murhu, kuma tana tsoron kada yara su ɗauka muna koya musu bin bayan fage. Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma na kwana ina juya ta. Abin da na gani shi ne kalmar ba ta lalace ba, wurin da aka kai ta ne ya ɓata ta. A ofishin gwamnati, inda haƙƙin kowa da kowa ne, fifita wanda ka sani zalunci ne. A kasuwa kuwa, inda dukiyarki ce za ki miƙa wa mutum ya tafi da ita Kano ya biya bayan mako biyu, ai ke da kanki ba za ki ba wanda ba ki sani ba, kuma babu mai zarginki. Shi ya sa na nace a riƙa haɗa ta da "sana'a" a wurin da aka fara ambatonta, domin mai karatu ya san sanayyar da aka gina a kan aiki da cika alkawari ake nufi. Zan kuma ƙara jimla ɗaya a takardar da ta fito da wannan bambanci ƙarara, kuma ke ce sanadinta.

Wani dattijonmu na Agege, wanda ya shekara fiye da arba'in a harkar goro, an karanta masa abin da na rubuta, sai ya aiko a tambaye ni: shi mutumin da aka ƙulla sanayyar da shi, me za a kira shi? Ya ce aboki ya yi kusa da yawa, abokin ciniki kuma mai saye ne. Kafin in ba da amsa ya sake aiko da tasa, ya ce su a zamaninsu idan yaro zai tafi Ikko, wato Legas, a karon farko, tambayar da ake yi masa ita ce ko yana da idon sani a can. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ka cike mini giɓin da ban ma lura da shi ba. Abin da LinkedIn ke ƙirgawa a shafin mutum, wanda matasa ke alfahari sun tara ɗari biyar, sunansa idon sani, kuma kalmar tana nan a bakinmu tun kafin a haife mu.

Ga abin da zan kai wa mai buga takarda ranar Litinin idan Allah ya kai mu: babi na biyu zai zama "Neman Kasuwa ta Intanet", babi na uku "Ƙulla Sanayyar Sana'a", kuma a cikinsa duk inda ake maganar mutanen da aka haɗu da su za a rubuta "idon sani". Abu ɗaya ya rage da ban yanke ba, shi ne jam'inta, domin "idanun sani" ta yi mini nauyi a kunne, kuma na fi karkata ga barin ta yadda take, a ce "yana da idon sani da yawa a Mile 12". Ina roƙon malamanmu na Hausa da iyayenmu 'yan kasuwa su duba mini wannan kafin daren Lahadi.