Tambaya kan zuwa tsibirin Miyajima daga Hiroshima, a ƙasar Japan

Bakabe: Assalamu alaikum. Ƙanena daga Argungu zai je taro a Hiroshima, yana da yini ɗaya rarar lokaci. Miyajima zai yiwu a yini guda?

Bazamfare: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu sarai. Ya hau jirgin ƙasa na kamfanin JR daga tashar Hiroshima zuwa Miyajimaguchi, kusan minti 30, sannan jirgin ruwa minti 10. Tun Oktoban 2023 baƙi na biyan harajin yen 100. Abin lura shi ne cika da janyewar teku. Babbar jar ƙofar wurin bautar Itsukushima, wadda ke tsaye a bakin tekun tsibirin, tana kamar yawo a kan ruwa ne idan ruwan ya haura santimita 250. In ya sauka ƙasa da 100, za a taka har gindinta, sai dai ƙasan laka ce da ciyawar teku, takalmin fita zai lalace. Ya duba jadawalin cika da janyewar teku na ranar kafin ya fita.

Hajiya Gusau: Barewin tsibirin ba sa gudun mutum, kuma suna cin takarda. Tikiti da taswira su shiga jaka.

Ɗan Yauri: Yaya, in zai hau dutsen Misen, mita 535, ya fara da shi da safe, don keken igiya mai kai mutane saman dutsen yana daina aiki da yamma, wanda ya makara sai ya sauko da ƙafa. Abinci kuma, gasasshen kawa (oyster, wata halittar teku mai ɓawo) ba matsala, amma miyar shinkafar anago (wani dogon kifin teku) ana sa mata mirin, giyar shinkafa ce. Ya tambaya tukuna.