Zaren roba a kankare: zai tsaya madadin rodi?

Ɗan Kwangila: Salamu alaikum jama'a. Wani yarona ya ce wai yanzu ana yanka gorunan roba siri-siri a cakuɗa da kankare, har ba a buƙatar rodi. In gaskiya ne ai mun huta da tsadar ƙarfe.

Baba Magini: Alhaji, kar ka soma. Roba santsi gare ta, siminti bai kama ta. Ko guntun ledar fiya wata ta faɗa cikin kwaɓi, ranar da anka cire katako nan za ka ga rami.

Injiniya: Baba, leda daban, zare daban. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma in an ja shi, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Kun san hunturun Sakkwato: a zuba daɓe da safe, kafin la'asar iska ta shanye ruwan sama-sama, ya yi tsaga kamar ƙasan fadama da rani. Zaren yana riƙe bakin irin wannan tsagar, kar ta buɗe.

Ɗan Kwangila: To ka gani! Ashe yaron na da gaskiya.

Injiniya: A'a ranka ya daɗe. Daɓe, kwalbati ƙarama, bulon shimfiɗa tsakar gida, na yarda. Amma dakin (wato rufin kankare), linta da ginshiƙi sai rodi. Roba tana miƙewa tun nauyi bai kai ko'ina ba, kuma in gobara ta tashi, robar gora tana narkewa wajen digiri 250.

Baba Magini: Kuma wa zai yanka? Da almakashi?

Ɗalibi: Akwai inji Baba, har yana yi wa zaren kaushi don siminti ya kama. Ga gorunan nan cike da magudanai, 'yan bola jari ma sun samu kasuwa.

Baba Magini: Yaro, ka taɓa juya kwaɓi da shebur? In zaren ya yi yawa dunƙulewa zai yi, lebura ya ƙara ruwa don ya samu sauƙi, simintin masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ya tafi banza.

Injiniya: Nan kam Baba ya yi gaskiya, ƙarin ruwa shi ke kashe kankare. Alhaji, in kana so, a zuba samfuri biyu, mai zare da marar zare, a kai ɗakin gwaji a matse bayan kwana 28.

Ɗan Kwangila: Kuɗin gwajin fa, wa zai biya?

Baba Magini: Wanda ya kawo maganar.