Hali zanen dutse ne? Muhawara kan mujallar yaye 'yan ajin ƙarshe

Auta: Assalamu alaikum. Mujallar yaye mu ta fito, ga hotunan shafukan na turo. Kowa da hotonsa, a ƙasa an rubuta halinsa, da ƙungiyoyin da ya shiga a makaranta, da abin da yake son zama. Ina shafi na 14, kada wani ya ce bai gan ni ba.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sanya albarka. Amma Auta, me nake gani a gurbin buri? Wannan ta ce likita, wancan ya ce lauya, har da matuƙin jirgi, ke kuma kin rubuta "ina tunani tukuna".

Auta: Gaskiyar ke nan, Gwaggo.

Kawu: Allah ya yi albarka. Na duba shafukan duka, ba naki kaɗai ba. Bari in maimaita abin da na sha faɗa. Shekara 31 na yi ina riƙe alli, kuma ajin ƙarshe na fi koyarwa. Yaron da ya kai wannan aji ya gama nuna ko shi wane ne. Ku ba ni rajista, ku bar ni da yaran nan mako guda, zan gaya muku inda kowa zai ƙare. Hali zanen dutse ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Baffa: Malam, da girmanka, a nan kam ban yarda ba. Ni ne Larabar da aka ce ba za ta yi kyau ba. Muna ajin ƙarshe wani malaminmu ya tsayar da ni gaban allo, ya ɗaga takardata ta lissafi da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera, ya ce 'yan aji su kalli wanda zai ƙare yana gadin motocinsu. Har yau ina ganin jan biron da ya zagaye makin. Yanzu shekara 20 ina gyaran na'urorin asibiti, kuma da lissafin nan nake aikin. Shugaban ɗalibai na shekararmu kuwa, wanda kowa ya rantse zai yi mulki, Allah dai ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Kawu: Wannan malami bai kyauta ba. Kuma ni ba maki nake nufi ba, hali na ce. Na san ka tun kana yaro, duk rediyon da ya shigo gidanku sai ka kwance shi. Da ni aka tambaya, da injiniya zan ce.

Gwaggo: Malam, a ji tsoron Allah. "Mai ɓarna" kake ce masa a lokacin. Ina wurin.

Babban Yaya: Gwaggo ta gama magana. Kawu, in an ba ni izini in sa baki: an taɓa gwada ainihin abin da kake faɗa. A 1950, a Sikotilan, an sa malamai sun auna halayen yara 1,208 'yan shekara 14. Abubuwa shida aka duba, ciki har da juriya, yarda da kai, natsuwa da son yin fice. Aka ajiye takardun. A 2012 aka nemo yaran, 174 suka yarda aka sake auna su suna da shekara 77. Da aka gwama abin da malamai suka rubuta da abin da aka samu daga baya, kusan babu wata alaƙa. Kamar ba mutum ɗaya ba.

Kawu: Ɗana, karatu ya yi. To ka amsa mini. Daga 1,208 aka dawo da 174, sauran fa? Na biyu, farko malami ne ya auna yaro, daga baya tsoho ne ya auna kansa, ko wani na kusa da shi ya auna shi. Wa ka taɓa ji ya ce shi malalaci ne? Na uku, ni ɗan shekara 17 ko 18 nake magana a kai, ba 14 ba. Shekaru huɗun nan ba wasa ba ne.

Babban Yaya: Na karɓi na biyun, ma'aunin ya bambanta. Kuma don kada a ce na ɓoye abin da zai taimake ka: a 1960 an yi wa ɗaliban sakandare sama da 370,000 a Amurka gwaje-gwaje da tambayoyi, aka ci gaba da bibiyar wasunsu. A 2018 masu bincike suka fitar da cewa ɗalibin da ke ɗaukar aikin makaranta da muhimmanci, mai sha'awar karatu, wanda ya iya karatu da rubutu, ya fi samun zurfin ilimi da aiki mai daraja da kuɗin shiga ko bayan shekara 50. Kuma hakan ya tsaya ko da an cire tasirin ƙwaƙwalwa da arzikin iyaye.

Kawu: To ka ji. Me ya rage?

Anti: Saura da yawa, Malam. Ni aikina ke nan, ba ɗalibai shawara, kuma kullum a nan ake zamewa. Wancan binciken magana yake kan taro. In ka tara masu himma dubu da marasa himma dubu, na farkon za su fi ci gaba, babu gardama. Amma kai ka ce a nuna maka yaro ɗaya ka faɗi inda zai ƙare. Wannan wani abu ne daban. Daga cikin dubun nan wani zai yi rashin lafiya, wani mahaifinsa zai rasu yana shekarar farko a jami'a, wata za ta haɗu da malamin da zai buɗe mata ƙofar da ba ta san da ita ba. Rajista ba ta nuna wannan. Kuma a cikin ɗaliban 1960 ɗin nan, waɗanda aka sake aunawa bayan shekara 50 an ga yawanci sun ƙara natsuwa da riƙon aiki da sauƙin kai. Dutsen da ke canzawa haka, anya dutse ne?

Baffa: Kakin zuma dai.

Kawu: Ku yi ta dariya. Ni dai na san zakarun ajina, kuma ba wanda ya ba ni kunya.

Anti: Wannan na yarda. Akwai wata mai bincike, Karen Arnold, da ta bi sawun ɗalibai 81 da suka fita da sakamako mafi kyau a makarantunsu a jihar Ilinoi ta Amurka a 1981, har shekara 14. Kusan dukkansu sun gama jami'a, mafi yawa sun zama ƙwararrun ma'aikata, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, akantoci. Sun tsaya da ƙafafunsu. Amma ba daga cikinsu aka samu masu kawo babban sauyi a fagen aikinsu ba, don makaranta tana saka wa wanda ya iya komai daidai gwargwado kuma yake bin ƙa'ida, ba wanda abu ɗaya ya tafi da hankalinsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan. Sun shiga jami'a suna ci gaba da samun maki kamar mazan, amma cikin shekara biyu da yawansu suka rage yadda suke kimanta basirarsu. Makinsu bai sauka ba. Abin da suke ji a kewaye da su ne ya taɓa su. Shi ya sa nake tsoron bakin manya a kan yaro.

Gwaggo: Duk na ji. Ni damuwata ba binciken Turawa ba ce. Yarinya ta gama makaranta, an tambaye ta ina za ta, ta ce tana tunani. Mai tafiya ba ya fita gida bai san inda ya dosa ba.

Auta: Gwaggo, in gaya miki yadda aka cike gurbin nan? Takarda aka raba mana ranar da muka gama jarrabawar gwaji, aka ce a mayar kafin a tashi. Wadda muke zama benci ɗaya da ita, ranar da aka feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji sai da aka fitar da ita waje aka yi mata fifita. Bayan kowane littafinta zanen gidaje ne, har da inda matakala za ta bi da inda iska za ta shiga. Me ta rubuta? Likita. Na tambaye ta, ta ce babanta zai karanta mujallar. Na ƙirga, a shafuka uku kacal akwai likitoci tara. Gurbin hali kuma ba mu muka rubuta ba, kwamitin ɗalibai ne. Ni sun sa mini "shiru-shiru" don ba na hira da su.

Baffa: Shiru-shiru? Auta? A ce su zo gidan nan su kwana ɗaya.

Anti: Kin ji ko, Gwaggo. Kuma canza shawara ba abin kunya ba ne. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Amurka sun nuna kusan kashi 30 cikin 100 na ɗaliban da suka fara karatun gaba da sakandare sun sauya fanni cikin shekara uku. A cikin waɗanda suka fara da lissafi, fiye da rabi ne suka sauya.

Kawu: A nan ina tare da Gwaggo. Gara buri ko da za a canza shi. Wanda ya ce likita ya ƙare a harhaɗa magunguna ya yi tafiya. Wanda ya zauna yana tunani, takardun neman shiga za su rufe yana nan.

Babban Yaya: Kawu yana da hujja a nan ma. A jihar Wiskonsin an bi sawun mutum 10,317 da suka gama sakandare a 1957 har tsufansu, kuma burin da ɗalibi yake da shi a ajin ƙarshe ya yi tasiri kan nisan da ya kai a karatu. Sai dai a lura da inda burin ya fito: ƙarfafawar iyaye da malamai, da irin shirin da abokansa ke yi. Wato malami ba ɗan kallo ba ne da ke faɗin abin da ya hango. Da hannunsa a ciki.

Baffa: Ƙwarai. Ni shekara biyu na yi ban nemi ko'ina ba saboda maganar mutum ɗaya. Kun san John Gurdon? A makarantar Eton ta Ingila, ta 'ya'yan masu hannu da shuni, shi ne na ƙarshe cikin yara 250 a ilimin halittu, malaminsa ya rubuta cewa burinsa na zama masanin kimiyya abin dariya ne. A 2012 ya karɓi kyautar Nobel kan aikinsa da ƙwayoyin halittar kwaɗo. Takardar nan ma sai da ya sa mata firam.

Kawu: Labarin Gurdon ake bayarwa don shi ya ci. Na ƙarshen aji nawa ne suka tafi ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu? Kuma ɗan Eton in ya faɗi, a kan katifa yake faɗuwa.

Anti: Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta rushe maganarka ta farko, Malam. In katifa ce ta ceto shi, to ba hali kaɗai ke yanke hukunci ba.

Kawu: Na lura yau an haɗa mini kai.

Gwaggo: Ba wanda ya haɗa maka kai. Auta, bar su. Tunanin me kike yi, tsakanin me da me?

Auta: Abu biyu ne. Shekara biyu ni ke taimaka wa mai kula da ɗakin gwaji, ina wanke kwalabe, ina jera su, ina rubuta abin da ya ƙare. Ba wanda ya sa ni. Ina son aikin gwaje-gwajen asibiti. Amma kuma tun aji huɗu nake koya wa 'yan aji ɗaya lissafi bayan an tashi, kuma ranar da wata ta gane raba lamba bayan mako uku muna fama, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na nemi takardun duka biyun. Ban dai so in rubuta abin da ban tabbatar ba a littafin da za a ajiye.

Kawu: Me ya sa wannan bai fito a shafi na 14 ba?

Auta: Ƙungiyoyi kawai aka ce a rubuta, Kawu. Wanke kwalba ba ƙungiya ba ce.

Kawu: To ni da wannan nake aiki, ba da gurbin buri ba. Abin da yaro ke yi ba a sa shi ba. Ban janye maganata ba.

Anti: Ka dai rage mata tsawo. Ɗazu mako guda da rajista ka nema.

Babban Yaya: Kawu, ga shawara. Ka zaɓi goma daga shafukan nan da Auta za ta ba ka labarinsu, ka rubuta inda kowa zai kai, a sa a ambulan a liƙe. Bayan shekara goma a buɗe. Ta haka ba za a ce "mai ɓarna" ya koma "injiniya" ba.

Kawu: Na yarda. Amma ba a hannunka za a ajiye ba.

Gwaggo: A kawo mini. Ina da akwatin da ba mai taɓawa. Kuma da biro za ka rubuta, Malam, ba da fensir ba.

Auta: Kawu, ni ma ina cikin goman?

Anti: A'a. Naki kada a rubuta, kuma kada a faɗa.

Kawu: An ji. Auta, turo mini shafi na 9 da na 11, sun fito dishi-dishi. Ki fara da mai zanen gidajen nan.