Farashin jirgin ruwan da muka kama wa ɗaki ya sauka, za su rage mana?

Maman Hanifa, Teksas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar jirgin ruwan yawon shaƙatawa su taimaka min da shawara. Tun watan Fabrairu muka kama ɗakuna biyu a wani jirgi da zai tashi daga tashar Galbeston ta nan Teksas a watan Oktoba, tafiyar kwana 7, zai tsaya a Kozumel ta ƙasar Meziko da tsibirin Rowatan na Honduras. Ɗaki ɗaya ni da maigida, ɗayan kuma Hajiyarsa da za ta zo mana daga Kano ita da 'yarmu, dukansu masu baranda. A lokacin dala 1,150 ne kowane mutum har da haraji. Mun ba da kafin alƙalami dala 250 kowa, cikon kuɗin sai tsakiyar Yuli. An haɗa mana da kyautar abin sha na tsawon tafiyar, da dala 100 na kashewa a cikin jirgi a kowane ɗaki.

To jiya na leƙa shafin kamfanin sai na ga irin ɗakin namu ya koma dala 930. Mu huɗu, dala 880 ke nan, ba ƙaramin kuɗi ba ne a wajenmu. Maigida ya ce ciniki ya riga ya faɗa, mu haƙura. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Ta hannun ejan, wato wakilin shirya tafiye-tafiye, muka yi, ba kai tsaye ba. Ana rage wa mutum, ko sai mun soke mun sake kamawa?

Baban Sadik, Merilan:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kada ki soke komai tukuna, wannan shi ne na farko. Sa'arku ɗaya, ranar cikon kuɗi ba ta yi ba, kuma a harkar nan komai a kanta yake rataye. Kamfanonin da ke tashi daga Amurka suna sa ta tsakanin kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiyar. Kafin ranar, yawancinsu suna yarda su mayar da mutum kan sabon farashi idan ya nema, don sun san zai iya janyewa ya sake kamawa da arha, gara su riƙe shi. Amma ba za su kira ki su ce farashi ya sauka ba. Wanda bai tambaya ba, tsohon farashi zai biya.

Tunda ta hannun ejan kuka yi, ko kin kira kamfanin za su ce ki koma wajensa, shi kaɗai ke da ikon taɓa rajistar. Ki neme shi yau ɗin nan. Farashin nan kwamfuta ce ke juya shi bisa yawan ɗakunan da suka rage, abin da kika gani jiya yana iya tashi kafin magariba.

Anti Lami, Landan:
Ni dai ban ga alamar za su rage ba. Mu a nan idan ka ba da kafin alƙalami shi ke nan, in ka soke ya tafi, kuma kamfani ba ya sauke maka farashi don ya sauke wa wasu. Ina ganin maigidanki yana da gaskiya ƙanwata, ki kwantar da hankalinki ki ci moriyar tafiyar.

Baban Sadik, Merilan:
Anti, abin da kika faɗa gaskiya ne a Ingila, amma sharuɗɗan suna bin ƙasar da aka sayi tikitin ne. Jirgi ɗaya, ɗaki iri ɗaya, wanda ya saya a Landan da wanda ya saya a Teksas kowa da takardar da ya sa wa hannu. Ita ta Amurka ce ke kanta.

Ummu Khalil, Atlanta:
Maman Hanifa, na taɓa aiki a ofishin shirya tafiye-tafiye, bari in gaya miki inda ake samun matsala. Ki buɗe takardar lissafin da ejan ya turo miki ta imel, ki nemi lambar rukunin ɗakinku, yawanci harafi ne da lamba a haɗe. "Mai baranda" ba rukuni ɗaya ba ne, a jirgi guda sai ki tarar da rukunai da yawa, na tsakiyar jirgi ya fi na gaba da na baya tsada. Sau da yawa farashin da ake baje wa a fuskar shafi na wanda kamfani ne zai zaɓa miki ɗaki, ke dai an tabbatar miki da baranda, amma ba ki san hawa ko ɓangare ba sai tafiya ta matso. Wani lokacin ma kwale-kwalen ceto ne a gaban barandar ya tare teku. Ga mai tafiya da dattijuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, za a iya jefa ɗakin Hajiya a hawa na 6 ku kuna na 11, ko can ƙarshen jirgi inda ya fi girgiza kuma ya yi nisa da lif.

Saboda haka ki yi kamar za ki kama sabon ɗaki: rana ɗaya, rukuni ɗaya, mutum biyu a ɗaki, ki bi har shafin ƙarshe kafin biya inda jimillar kuɗi ke fitowa da haraji da kuɗin tashoshi. Ki ɗauki hoton allon da kwanan wata, shi za ki tura wa ejan. Ki kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, idan an ce rangwamen na sababbin masu kamawa ne kawai, kamfani yana da hujjar ƙi.

Sai babban abin. Idan aka mayar da ku sabon farashi, da sharuɗɗansa yake zuwa gaba ɗaya, kyaututtukan Fabrairu za su iya faɗuwa. Kuma sau da yawa farashi mai arha kafin alƙalaminsa ba a mayarwa. In naku na yanzu ana mayarwa, to wani abu ne kuke sayarwa a kan dala 880 ɗin nan, ki san da shi kafin ki amsa.

Malam Ɗanjuma, Niyu Yok:
Ina so in ƙara a kan maganar kyauta. Kamfani zai ce kyautar abin sha ta kai ɗaruruwan daloli, amma kusan duk tsadarta giya ce, mu kuwa ba ruwanmu da ita. Ruwa da shayi da kofi na yau da kullum kyauta ne a wurin cin abinci. Abin da za ku sha a zahiri lemo ne, kuma na lemo zalla ana sayar da shi daban da arha sosai. Kada ejan ya tsorata ki da adadin da ke rubuce, ki lissafa abin da ku za ku amfana da shi. Dala 200 na kashewa kuwa kuɗi ne na gaske, don akwai tukuicin ma'aikata da ake cira kullum, kusan dala 16 zuwa 20 kowane mutum. Ki cire 200 daga 880, ki cire kuɗin lemo, har yanzu kuna da riba mai kauri.

Maman Hanifa, Teksas:
Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san da maganar rukuni ba. Na duba, namu ana mayar da kafin alƙalami. To idan farashin ya sake sauka bayan Yuli fa?

Ummu Khalil, Atlanta:
Yana iya sauka kuwa. Oktoba yara suna makaranta, kuma cikin lokacin guguwar teku ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ga shi ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa asara ce gare su. Amma bayan ranar cikon kuɗi ba kasafai ake mayar da tsaba ba, don sun san in kin soke ke za ki yi asara, tarar tana ƙaruwa har ta cinye kuɗin duka idan tashi ya matso. Abin da ake samu a lokacin shi ne a ɗaga ku zuwa ɗakin da ya fi naku, ko a ba da wani abu na kashewa a jirgi, shi ma alfarma ce, da lallami ake nema. Sai dai in tsarin da kuka saya ya ƙunshi hakan tun farko. Misali kamfanin jirgin ruwa na Carnival suna da wanda suke kira Early Saver, ana bin saukar farashi har kwanaki biyu na aiki kafin tashi, bayan an cika kuɗi bambancin yana zuwa a matsayin kuɗin kashewa a jirgi, amma kafin alƙalaminsa ba a mayarwa. Ki tambayi ejan sunan tsarin da zai mayar da ku kai, ya rubuto miki.

Hajiya Babba, Shikago:
'Yata, duk sun faɗi na kuɗi, ni ga nawa. Kafin ki yarda da farashin da ba a mayar da kafin alƙalami, ki duba bizar surukarki. Jirgin zai fita daga Amurka ya dawo, ki tabbatar bizarta mai shiga sau da yawa ce kuma ba ta ƙare kafin Oktoba, ki kuma tambayi kamfanin abin da mai fasfo ɗin Nijeriya ke buƙata a tashoshin da za ku tsaya. In takarda ba ta cika ba, a bakin jirgi ake mayar da mutum kuma ba a biyan ko sisi. Ga ta da shekaru, lafiya ta Allah ce. Ɗakinta dai ni da zan bar shi yadda yake.

Maman Hanifa, Teksas:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na yi magana da ejan ɗazu. Ashe ɗakunan ba rukuni ɗaya ba ne. Namu ni da maigida har yanzu akwai irinsa a kasuwa, ya mayar da mu dala 930 ba tare da an canza mana lambar ɗaki ba, kyautar abin sha da dala 100 sun tafi, an rage mana dala 440 daga cikon da za mu biya, sabuwar takardar ta shigo imel ɗina na duba ta layi-layi. Na Hajiya kuwa rukuninsa ya ƙare, mai arhar da na gani na wanda su za su zaɓa ne, don haka mun bar shi, dala 100 ɗinsa na nan kuma kafin alƙalaminsa ana mayarwa. Maigida zai kira Kano da daddare a ɗauko mana hoton bizar. Ummu Khalil, inshorar tafiyar da muka saya a kan tsohon kuɗi, ita ma ana gyara ta?

Ummu Khalil, Atlanta:
Ki sanar da su sabon jimillar, wasu suna rage kuɗin inshorar idan kuɗin tafiya ya ragu. Ki ci gaba da leƙa farashin ɗakinku lokaci-lokaci har ranar cikon kuɗi, in ya sake sauka ejan zai iya sake nema.